Ga baiwar Allah da ciwon kafaɗa ya dawo mata bayan tiyata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. A shafinku na kiwon lafiya na karanta wasiƙar wata baiwar Allah da aka yi wa tiyata saboda matsewar jijiya tsakanin wuya da kafaɗa. Ta ce ta samu sauƙi har ta koma kan keken ɗinkinta, sai ga ciwon ya dawo bayan shekara guda. Yanzu wasu na ce mata ta koma a sake aikin, wasu na cewa kada ta kuskura. Amsar da aka ba ta ba ta wuce layi huɗu ba, wai ta koma ta ga likitanta. Gaskiya ce, amma ba ta ishe ta ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin hanyar da take kai na taka ta da ƙafata. Sau biyu aka shiga da ni ɗakin tiyata a kan wannan ciwo. Don Allah ka ba ni fili, ko da wasiƙar ta yi tsawo.

Ni malamin makaranta ne, bayoloji nake koyarwa a sakandare. A daminar 2015 na shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Zariya, direba ya taka birki ba shiri, wata mota ta buge mu ta baya. Kaina ya fizgu baya ya dawo gaba. Babu jini, babu karaya, na yi wa Allah godiya na tafi gida. Bayan kamar wata huɗu na lura in na ɗaga hannun dama ina rubutu a allo, kafin in gama layi na uku ya yi nauyi kamar an rataya masa dutsen niƙa. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su sage. Wani lokaci kuma in ji abu ya tsarga daga hammata har tafin hannu kamar na taɓa minjirya. Ga ciwon kai ta ƙeya, ga tashi tsakar dare ina yarfe hannu. Ranar da alli ya suɓuce mini sau uku a darasi ɗaya, wata yarinya ta taso daga benci na gaba ta ce, "Malam, ka faɗa, ni in rubuta." Tun daga ranar ita ce hannuna a wannan aji har suka gama.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi. An ce sanyi ne, na sha maganin sanyi. Wanzami ya kafa mini ƙaho a allon kafaɗa. Wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce jifa ce, in tashi tsaye. Yaron kemis ya miƙo mini tramadol, na sha kwana shida, na ga inda abin zai kai ni, na watsar. Shekara biyu ina wannan zagaye. Wata rana maiɗakina tana zuba mini ruwan wanke hannu, sai ta ajiye butar ta ce, "Malam, kawo hannayen nan biyu in gani." Ta jera su a kan cinyarta. Tudun naman nan da ke gindin babban yatsa ya faɗa a hannun dama, ya zama kwari, na hagu kuwa yana nan cike. Ba ta ce komai ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari na nufi asibiti.

Bari in yi bayanin ciwon yadda zan yi wa ɗalibaina, domin harshenmu kansa yana ruɗa mu a nan. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga wadda ke ɗaukar jini da wadda ke ɗaukar saƙon ji da motsi daga laka. Masu saƙon nan da ke aiki da hannu saiwa biyar ne, suna fitowa daga laka ta ƙasan wuya da farkon gadon baya, su sarƙe da juna kamar tufkar igiya, sannan su gangara hannu. A hanyarsu sai sun bi ta lungu uku masu ƙunci. Na farko tsakanin wasu tsokoki biyu da suka sauko daga ƙasusuwan wuya suka kama haƙarƙarin farko. Na biyu tsakanin haƙarƙarin farkon da ƙashin da ya gitta a saman ƙirji zuwa kafaɗa. Na uku ƙarƙashin wata ƙaramar tsokar ƙirji kusa da hammata. Manyan jijiyoyin jini na hannu ma ta wannan unguwa suke bi. In lungu ɗaya ya ƙara tsukewa, ko don tsoka ta yi tauri bayan fizgar wuya irin tawa, ko don yawan aiki da hannu a sama, ko don an haifi mutum da ƙarin haƙarƙari a wuya, wanda ake samu a wajen mutum ɗaya cikin ɗari ko ɗari biyu, to jijiya ta shiga uku. Likitoci suna kiran ciwon thoracic outlet syndrome, wato matsewa a mafitar ƙirji, suna taƙaita shi da TOS, sunan da ya samo asali a 1956 daga wani mai bincike mai suna Peet da abokan aikinsa a Amurka. Kashi 90 cikin ɗari ko fiye na masu ciwon, jijiyar saƙo ce ke matsewa, kuma mata sun fi maza kamuwa.

A 2018 na sayar da filin da na gada, aka haɗa ni da wani dillalin asibiti, na tafi Indiya. Ta hammata aka shiga aka cire haƙarƙarin farko, hanyar da likita David Roos na birnin Denba a Amurka ya yaɗa tun 1966. Hanya ce sananniya, tabonta a ɓoye yake, mutane da yawa sun warke ta dalilinta, ba na kushe ta. Kwana huɗu aka sallame ni, a kwana na goma na hau jirgin dawowa. Abin da na dawo da shi takarda ce shafi ɗaya, mai sunan ciwo da jerin magunguna, sai rasit. Tafinta ya ce mini likita ya ce in riƙa motsa hannu. Iyakar abin da na ji game da gashin ƙashi, wato motsa jikin da ake koya wa majiyyaci a asibiti, ke nan.

Kuma na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ɗaga hannu na yi addu'a har na shafa ba tare da ya sage ba. Mako biyar na koma aji, da kaka ta zo na kama buhun masara da hannu biyu na taya yara lodi. Nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye shi ba. Wata 14 ina cikin wannan sauƙi. A ƙarshen 2019, ina ɓalla maɓallin riga da safe, ƙaramin yatsan ya yi mini irin abin da na sani. Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba.

Ina son baiwar Allahn nan ta san cewa na san nauyin da ke zuciyarta. Karon farko kana da abin da kake sa rai, kana cewa in an yi aiki shi ke nan. Karo na biyu kuwa fili ya tafi, kuɗi sun tafi, mutanen da suka yi maka karo-karo kana jin nauyin su ji cewa abin ya dawo. Wata uku na ɓoye wa kowa ban da maiɗakina. Sai korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu, zuwa asibiti ya yi wuya, shekara ta tafi a haka.

A 2021 aka tura ni wurin wani likitan tiyatar ƙirji a wani asibitin koyarwa a nan gida Najeriya. Bai fara da duba hoto ba. Ya gyara zama ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ka yi tunani kafin ka amsa. Bayan aikin farko ciwon ya tafi sarai sannan ya dawo, ko dama bai taɓa tafiya ba?" Na ce ya tafi, wata 14. Ya ce to wannan amsar ta fi masa hoto goma. Ya bayyana mini cewa likita Harold Urschel na birnin Dalas a Amurka, wanda ya yi irin wannan aiki na biyu ga mutane masu yawa, ya raba masu dawowa gida biyu. Akwai waɗanda ba su taɓa samun sauƙi ba, su ba dawowa ciwonsu ya yi ba. Ko dai tun farko ba nan matsalar take ba, ko an bar ainihin abin da ke matse jijiyar, kamar ƙarin haƙarƙarin wuya. Akwai kuma irina, waɗanda suka warke sannan ya dawo, galibi cikin shekara biyun farko. Mu abu biyu ne ke kama mu: guntun haƙarƙari da aka bari ta baya, ko tabo na ciki.

Tabon nan na ciki shi ne abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini. Mu tabon fata muka sani. Ashe duk inda wuƙa ta ratsa, jiki yana cike gurbin da wani nama mai tauri, kuma yana ƙara tsukewa a hankali cikin watanni. Jijiyar saƙo lafiyayya tana zamewa gaba da baya a cikin nama duk lokacin da ka miƙa hannu ko ka juya wuya. In tabo ya naɗe ta ya liƙa ta da ƙashi ko tsoka, kowane motsi ja ne. Ragowar tsokar wuyan da aka yanke ma tana iya sake kama guntun ƙashin, ko ta manne da jijiyar kanta. In kuma an bar fatar da ke lulluɓe da ƙashi, sabon ƙashi yana iya tsirowa a wurin.

Tambayarsa ta biyu ita ce ta sa na rubuto wannan wasiƙa. Ya ce, "Ina takardar bayanin aikin?" Na miƙa masa shafina ɗaya. Ya karanta, ya juya bayanta, babu komai. Ya ce ba wannan ba, wadda likita ke rubutawa da ya fito daga ɗakin tiyata: ta ina ya shiga, nawa ya cire na ƙashin, wace tsoka ya yanke, wace ya bari, me ya gani, wace matsala aka samu. Ban ma san akwai irin wannan takarda ba. Wata huɗu ina neman ta. Lambar dillalin ta daina shiga, saƙonnin da na aika ba amsa. Likitan ya ce mini shiga wuyan da aka taɓa yi wa aiki ba tare da wannan takarda ba kamar shiga gidan da ba ka sani ba ne cikin dare, kuma an kawar da kayan ɗaki daga inda aka saba ajiye su.

Dole aka bi ta doguwar hanya. Hoton siti sikan ya nuna guntun haƙarƙari ta baya, tsawonsa kusan santimita 3, daidai inda saiwar jijiya ta ƙasa ke wucewa, wadda ke kula da ƙaramin yatsa da ƙananan tsokokin tafin hannu. Ta hammata wannan ƙarshen na baya shi ne mafi nisa da wuyar gani, shi ya sa aka fi barin sa. An yi mini hoton MRI na wuya don a tabbatar ba faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ne ya zame ba. An yi gwajin jijiya da lantarki don a cire zargin matsewa a gwiwar hannu ko a wuyan hannu, domin su ma suna sagar da yatsu. An sa ni na ɗaga hannaye sama, gwiwar hannu daidai kafaɗa, ina buɗe tafi ina dunƙulewa, wai a kai minti uku. Ban kai minti ɗaya ba hannun ya faɗi. Sannan aka yi mini allurar kashe zafi a cikin ƙaramar tsokar ƙirjin nan, ana kallo ta na'urar sikanin. Cikin ɗan lokaci zafin gaban kafaɗa ya lafa na wasu sa'o'i. Wannan ya nuna lungu na uku ma yana da hannu a ciki, kuma aikin farko bai taɓa shi ba.

Duk da haka bai yi gaggawar ba ni rana ba. Wata shida ya haɗa ni da sashen gashin ƙashi. Wata matashiya ce ta riƙe ni, tana ce mini Baba. Ita ta koya mini numfashi da ciki, domin mai numfashi da saman ƙirji tsokokin wuyansa ba sa hutawa. Ta gyara mini zama, ta koya mini motsin da ke sa jijiya zamewa a hankali ba tare da an ja ta ba. Ciwon ƙeya ya tafi, barci ya gyaru. Amma hannun ya ci gaba da ramewa, makulli ma ya fara gagarata murɗawa. Akwai masu dawowar ciwo da gashi kaɗai ke isar su, kuma duk likitan da ya ce a shiga tiyata ta biyu ba a gwada wannan ba, ni dai ina shakkar sa. Nawa ne bai tsaya nan ba.

Kafin in sa hannu a takarda ya zaunar da ni da maiɗakina da ƙanena, ya yi mana magana da Hausa. Ya ce aiki na biyu ya fi na farko wuya da haɗari, kuma sakamakonsa bai cika kai na farko ba. Ya lissafa abin da ke kwance a wurin: jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wadda ke bi ta kan tsokar da za a cire, jijiyar da ke riƙe allon kafaɗa, in ta taɓu allon ya ɗago kamar fiffike, babbar jijiyar jini, da saman huhu, wanda in ya huje iska ta taru a ƙirji. Ya ce da a hagu ne da akwai ƙarin wata magudanar ruwan jiki da ake tsoron yankewa. Sannan ya kama hannuna ya danna kwarin nan na gindin babban yatsa ya ce, "Zafi ina sa ran zai ragu sosai. Wannan kuwa, Malam, kada ka sa rai zai cike. Abin da nake so shi ne ya tsaya a nan." Maiɗakina ta ce, "Likita, in ɗan'uwanka ne za ka ce a yi?" Ya ce zai ce a yi, saboda hannun yana ci gaba da lalacewa.

A 2022 aka yi, shi da wani likitan tiyatar jijiya. Wannan karon ta saman ƙashin da ya gitta ƙirji suka shiga, ta gindin wuya, inda ake ganin saiwoyin biyar ido da ido. Sun cire ragowar tsokokin biyu, sun cire guntun ƙashin har gindinsa, sannan suka bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya suna ɓare tabon da ya naɗe su. Daga baya ya ce mini saiwar ƙasa ta manne da guntun ƙashin har sai da suka yi fiye da sa'a guda a kanta ita kaɗai. Suka rufe wurin da kitsen da ke nan gindin wuya, suka yi wata 'yar ƙaramar tsaga a gaban kafaɗa suka saki ƙaramar tsokar ƙirji. Na farfaɗo da roba a wuya tana fitar da ruwa.

Ban fita lami lafiya ba. Jijiyar numfashin nan ta ji jiki, hoto ya nuna tantanin ɓangaren dama ya ɗago sama. Kusan wata uku in na hau matakala ko na kwanta rigingine sai numfashi ya yi mini kaɗan. A hankali ya dawo. Gashi kuwa tun ina gadon asibiti aka fara, motsi kaɗan kaɗan don kada sabon tabo ya sake kama jijiyar a wuri ɗaya. Wata uku ban ɗauki abin da ya fi butar alwala ba, kuma da kaka ta zo ina zaune a inuwa yara suka yi lodi.

Yau ina cika allo daga sama har ƙasa, sai dai nakan sauke hannu in huta. Ina barci. Gefen ƙaramin yatsa har yanzu kamar an sa masa safa, kwarin gindin babban yatsa yana nan yadda likita ya faɗa. Dalilin a fili yake ga mai koyar da bayoloji: jijiyar da ta lalace tana tohowa ne kamar milimita ɗaya a rana, daga wuya zuwa tafin hannu tafiya ce ta wajen shekara biyu, tsoka kuwa in ta daɗe ba saƙo ba ta jira. Shekarun da na yi tsakanin kemis da ƙaho su ne suka ci wannan naman.

To, 'yar'uwa, ga abin da zan ce miki. Kada ki yarda da masu cewa an taɓa yi bai yi ba, saboda haka ki haƙura. Kada kuma ki yarda da mai ba ki ranar tiyata a zaman farko. Ciwon da ya tafi ya dawo yana da dalili, kuma ana iya gano shi. Ki koma inda aka yi miki aiki ki nemi takardar bayanin aikin tun fayil ɗinki bai ɓata ba, ki yi mata hoto ki adana. Ki nemi likitan da zai gaya miki abin da yake zaton ya dawo da ciwon, ya nuna miki a hoto, ya kuma faɗa miki sau nawa ya taɓa shiga wuyan da aka riga aka yi wa aiki. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Ki riƙa jera hannayenki biyu kina dubawa, in kin ga nama na faɗawa ko allura na suɓuce miki, kada ki jira. In kuwa hannun ya kumbura ya yi duhu farat ɗaya, ko ya yi sanyi ya koɗe, wannan jijiyar jini ce, a ranar za ki tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ya Edita, roƙona gare ku biyu ne. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majiyyaci, kuma a cikinsa akwai haƙƙin a yi wa mutum bayanin ciwonsa da harshen da yake ji, da haƙƙin ya samu bayanan jinyarsa. Mutanenmu nawa suka san da shi? Ku fassara shi ku buga, ku maimaita, musamman saboda masu tafiya jinya waje ta hannun dillalai, su san abin da za su karɓa kafin su hau jirgin dawowa. Na biyu, ku gayyato likitan tiyata da masanin gashin ƙashi su yi bayanin wannan ciwo a shafinku da Hausa. Teloli, masu kitso, masu fenti da aikin silin, 'yan ga-ruwa masu sanda a kafaɗa, duk hannu da kafaɗa ne jarinsu, kuma da yawansu sanyi za a ce musu.

Idan baiwar Allahn ta ga wannan, ina roƙon ta sake rubuto muku ta faɗi abu biyu: ta hammata aka shiga ko ta gindin wuya, kuma wata nawa ta yi cikin sauƙi kafin ya dawo. Likitan da zai amsa mata zai buƙaci su. Allah Ya ba ta lafiya, Ya mayar da ita kan kekenta.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Funtuwa, Jihar Katsina